Ƙiyasta farashin audugar da ba a tantance ba a Funtuwa da Malumfashi

Ƙiyasta farashin audugar da ba a tantance ba hanya ce da masu sayen auduga ke bi su yanke wa kayan manomi kuɗi tun kafin wani ma'aikaci ko wata na'ura su tabbatar da darajarsa. Mai saye yana duba farashin da aka sayar da audugar da aka riga aka ba lamba, ya kwatanta ta da wadda ke gabansa, sannan ya cire ɗawainiya da abin da yake tsoron zai yi asara. Abin da ya rage shi ne tayinsa. Ana bin wannan hanya a kasuwannin kudancin Jihar Katsina, musamman yankin Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Ƙafur da Ɗanja da Faskari, inda auduga, wadda Katsinawa ke kira kaɗa, ta daɗe tana cikin manyan amfanin gona na sayarwa.

Tarihi

An kafa ƙungiyar British Cotton Growing Association, wadda aka fi sani da BCGA, a birnin Manchester na Ingila a shekarar 1902, domin samar wa masaƙun Lancashire auduga daga ƙasashen da Birtaniya ke mulka. Ƙungiyar ta gina gidajen gurzar auduga a garuruwa da dama na Arewacin Nijeriya, ciki har da Zariya da Funtuwa da Malumfashi da Gusau. Har yau akwai unguwa a Funtuwa da ake kira da sunan BCGA. Layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya isa Ƙaura Namoda a 1929, shi ne ya sauƙaƙa fitar da dilolin auduga zuwa bakin teku.

Masaƙun Ingila sun fi son auduga mai dogon gashi, don haka aka shigo da irin Allen, wanda asalinsa na Amurka ne, aka yaɗa shi a Arewa. An kafa gonar renon iri a Daudawa, a yankin Faskari na yanzu, tashar bincike ta Samaru kuma ta ci gaba da inganta irin. Daga cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, ta Jami'ar Ahmadu Bello, aka samu irin da ake kira SAMCOT.

A 1949 aka kafa hukumar cinikin auduga ta Nijeriya, a 1954 kuma aikin ya koma hannun hukumar ciniki ta Jihar Arewa. A 1977 gwamnatin tarayya ta kafa sabbin hukumomin amfanin gona, aka ajiye hedikwatar ta auduga a Funtuwa. A tsawon wannan zamani ba a sayar da auduga sai a fuloti, wato kasuwar da hukuma ta amince da ita. Ma'aikacin duba amfanin gona ne ke buɗe kaya ya ba shi lamba ɗaya ko biyu ko uku, waɗanda a takarda ake rubuta su NA1 da NA2 da NA3. Hukuma ce ke shelanta farashin kowace lamba, wakilai masu lasisi kuma su saya a kan wannan farashi.

A 1986, ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, aka rushe hukumomin. Ciniki ya koma hannun 'yan kasuwa da kamfanonin gurza da dillalansu. Tantancewar dole ta yi rauni, auduga mai yawa ta koma ana sayenta a ƙauye ko a ƙofar gida ba tare da lamba ba. Tun daga lokacin ƙiyasi ya zama babbar hanyar yanke farashi.

Abin da ake dubawa a darajar auduga

Auduga iri biyu ce a ciniki. Akwai mai gurya, wadda manomi ke cirowa daga gona, akwai kuma wadda aka gurza aka raba gashin da guryar. Manomi mai gurya yake sayarwa, amma farashin duniya na gurzajjiya ne.

A fuloti da ido da hannu ake tantancewa. Lamba ɗaya ita ce fara tas, busasshiya, wadda ta nuna sosai, babu ganye ko ƙasa a cikinta. Wadda ta ɗan sauya launi ko ta kwashi ɗan datti tana faɗawa lamba biyu. Wadda tsutsa ko ƙwaro suka ɓata, ko ta yi ja saboda ruwa, ita ce ta ƙarshe.

A kasuwar duniya na'ura ce ke aunawa. Tana duba tsawon gashi, da ƙarfinsa, da launinsa, da yawan dattin da ke ciki, da kuma kauri da nunar gashin. Wata matsala da masaƙu ke yawan kuka da ita a audugar Nijeriya ita ce zaren buhun roba. Idan aka zuba auduga a irin wannan buhu, zarensa kan shiga cikinta, na'urar gurza ta daddatsa shi, kuma ba ya kama rini. Sai an gama saƙa da rini sannan ake ganin fararen layuka a jikin yadi.

Matakan ƙiyasi

Mataki na farko shi ne samo farashin da aka yi ciniki a kansa. Abin da ake nema shi ne kuɗin da aka biya, domin abin da mai kaya ya yi suna da shi fata ne kawai. Dillali yakan tambayi nawa gidan gurza ya biya lamba ɗaya a wannan mako, nawa kuma ya biya lamba biyu. Manyan 'yan kasuwa suna ƙara duba ma'aunin Cotlook A, wanda ake wallafawa daga Ingila da santin Amurka a kan kowace laba, da kuma farashin kasuwar New York.

Mataki na biyu shi ne mayar da farashin gurzajjiya zuwa na mai gurya. Idan aka gurza kilo 100, gashin da ke fitowa kimanin kashi ɗaya ne bisa uku, mafi yawan sauran kuma gurya ce, wadda ake matse mai daga cikinta a yi abincin dabbobi da tunkuzarta. Saboda haka ana lissafa kuɗin gashin, a haɗa da na guryar, a cire kuɗin gurza da na ɗaurin dila.

Mataki na uku shi ne ɗibar samfuri. Mai saye yakan zura hannu ya ɗebo daga sama da tsakiya da ƙasan kaya, ya ja gashin tsakanin yatsu ya ga tsawonsa, ya ciji gurya. Busasshiyar gurya takan fashe da ƙara, mai danshi kuwa sai ta lotsa. Daga nan yake ƙiyasta kashi nawa ne zai shiga kowace lamba.

Mataki na huɗu shi ne cire nauyin da ba na auduga ba, wato danshi da ƙasa da ganye. Na biyar shi ne cire ɗawainiya: kuɗin mota, da na 'yan dako, da buhu, da harajin kasuwa, da la'adar dillali. Na ƙarshe shi ne ragin kasada, wato abin da mai saye ke ragewa don gudun kada gidan gurza ya ba kayan lambar da ta gaza wadda ya zata.

Misalin lissafi

Alƙaluman da ke biye na misali ne domin a ga yadda lissafin ke tafiya. A ɗauka gidan gurza yana sayen kilo ɗaya na lamba ɗaya a kan ₦1,000, lamba biyu ₦850, lamba uku ₦600. Dillali ya duba kayan wani manomi ya ƙiyasta kashi 60 cikin 100 lamba ɗaya ne, kashi 30 lamba biyu, kashi 10 lamba uku.

Kason lamba ɗaya ya ba da ₦600, na lamba biyu ₦255, na lamba uku ₦60. Jimilla ₦915 ke nan a kowane kilo. Idan ya cire kashi 4 cikin 100 na danshi da datti, saura kimanin ₦878. Ya cire ₦40 na ɗawainiya, saura ₦838. Ya cire ₦38 na kasada da ribarsa, sai ya taya ₦800.

Idan kuwa a haƙiƙa kashi 90 na kayan lamba ɗaya ne, kashi 10 lamba biyu, to lissafin ya kamata ya fara daga ₦985. Bambancin ₦70 ne a kowane kilo, wato kusan ₦70,000 a tan ɗaya. Wannan kuɗi manomi ne ya yi asararsa, saboda babu wata shaida mai zaman kanta da za ta nuna darajar kayansa.

Dalilin da ya sa wadda ba a tantance ba ta fi araha

Manomi ya san abin da ke cikin buhunsa, mai saye kuwa zato yake yi. Tunda wasu kan yayyafa ruwa ko su zuba yashi don ƙara nauyi, mai saye yakan yi wa kowa tayi kamar kayansa matsakaici ne. Wake ɗaya ke ɓata gari: wanda ya tsaftace audugarsa yana biyan laifin wanda ya yi algus.

Masanin tattalin arziki ɗan Amurka George Akerlof ya yi bayanin irin wannan yanayi a 1970, inda ya yi misali da kasuwar tsofaffin motoci, kuma aikin na cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001. Abin da ya nuna shi ne, idan mai saye ba zai iya bambanta mai kyau da maras kyau ba, farashi yakan tsaya a tsakiya. Mai kaya mai kyau ya ga ba a biyansa wahalarsa, sai ya daina wahalar ko ya bar kasuwar. A gonar auduga, manomin da ya ga ware fara daga ja ba ya ƙara masa komai zai haɗa su a buhu ɗaya, ko ya koma masara da waken suya. Masaƙa kuma ta rasa audugar da za ta amince da ingancinta.

Kwatanci da wasu kasuwanni

Ana bin irin wannan lissafi a kasuwar tsofaffin littattafan labari cikin zane a Amurka, waɗanda mutane ke tarawa saboda ƙarancinsu. Tun 1970 ake buga kundin farashi na Overstreet. A shekarar 2000 kamfanin CGC ya fara duba irin waɗannan littattafai yana ba su maki daga 0.5 zuwa 10, sannan ya rufe kowane a cikin gidan roba mai ɗauke da makin. Wanda ke da littafin da ba a ba maki ba yakan ƙiyasta makin da zai samu, ya duba nawa aka sayar da irinsa mai wannan maki a 'yan watannin baya, sannan ya cire kuɗin tantancewa da na aikawa da ragin kasada. Kamar yadda danshi ke ɓuya a tsakiyar buhu, haka gyaran launi ko shafin da ya ɓace ke ɓuya a cikin littafi.

A kasuwannin hatsi na yankin, irin su ta Ɗandume, haka abin yake ga masara. Kamfanonin abincin kaji suna auna danshi da datti kafin su biya, dillalin da ke saye a ƙauye kuma daga farashinsu yake faro lissafinsa.

Inda hanyar ke da rauni

Na farko, kayan da ake kaiwa a tantance galibi su ne masu kyau, domin mai kaya maras kyau ba ya son a buɗe shi. Don haka farashin tantantacciyar auduga yakan nuna saman kasuwa. Na biyu, ciniki ɗaya ko biyu ba su isa ma'auni ba, musamman idan wani kamfani ne ya matsu ya cika alkawari ya biya fiye da kima. Na uku, farashi na tsufa da sauri: na farkon kaka a Nuwamba ya bambanta da na Fabrairu, kuma canjin dala na shafar lissafin duka. Na huɗu, ido na bin son zuciya. Mai sayarwa yakan ɗaga darajar kayansa, mai saye ya rage ta. Na biyar, manomin da ya karɓi bashin iri ko taki daga mai saye ba ya da ƙarfin ƙin tayi, ko da lissafin bai yi masa daidai ba.

Abin da ke rage giɓin farashi

Malaman gona suna ba da shawarar a ciri auduga bayan raɓa ta bushe, a ware fara daga mai tabo tun a gona, a shanya ta a kan tabarma ko dandamali mai tsafta, a kuma zuba ta a buhun yadin auduga maimakon na roba. Cirar farko ta fi kyau, don haka ba a haɗa ta da ta ƙarshe. Manoman da suka haɗa kayansu a ƙungiya suna iya kai shi gidan gurza kai tsaye, a auna a gabansu da sikelin da aka tabbatar, a rubuta musu nauyi da lamba. Wayar hannu kuma ta sa manomi a Ƙafur na iya jin farashin da aka biya a Funtuwa a wannan rana kafin ya sallama. Duk lokacin da shakkar mai saye ta ragu, ragin kasada ma yana raguwa, kuma farashin audugar da ba a tantance ba yana matsowa kusa da na wadda aka ba lamba.