Ƙarar Kwamfiresan Mota: A Bincika Kafin A Sauya

Masu motoci da dama kan yi asarar kuɗi wajen sauya kwamfiresan na'urar sanyaya mota da zarar ya fara ƙara, alhali sau tari matsalar ta wani ƙaramin ƙarfe ce mai araha. Akasarin kayayyakin gyaran da ake sayarwa a kasuwannin Ladipo ta Legas da Ƙofar Ruwa ta Kano daga ƙasashen waje ake shigo da su, don haka farashinsu na bin canjin dala.

Binciken kan fara ne da tayar da inji, a kunna na'urar, sannan a kashe ta. Idan ƙarar ta ci gaba bayan an kashe, boris ɗin fuli ne ya lalace, domin fulin yana juyawa muddin inji na aiki. Ƙara mai kama da fito a lokacin kunnawa kuwa alama ce ta cewa bel ya saki ko ya tsufa. Amma idan ƙwanƙwasa ce daga ciki wadda ba a ji sai na'urar na aiki, to kwamfiresan kansa ne ya cinye, galibi saboda yoyon gas, wanda kan fice tare da mai.

A wannan hali, wajibi ne makanike ya toshe yoyon, ya wanke bututu, ya sauya matatar danshi, in ba haka ba ɓurɓushin ƙarfe zai lalata sabon. Haka kuma dole ne a dace da irin man, domin bayan Yarjejeniyar Montreal ta 1987 gas ɗin R-134a ya maye gurbin R-12, kuma mansu ba ɗaya ba ne.