Shukar Binne da Lissafin Ɗan Boko

A Toranke da sauran garuruwan jigawa na ƙasar Ajingi da Gaya, ba kowane manomi ke jiran ruwa kafin ya yi shuka ba. Tun bazara na ƙuna za ka ga magidanci da sungumi yana sara, yara na biye suna jefa gero suna takewa da diddige. Binne ke nan. Iri ya kwanta a busasshiyar ƙasa makonni, babu alamar rai. Ran da aka yi ruwa mai ƙarfi, kafin mako ya zagayo gona ta yi tsanwa shar.

Shi ya sa mutumin karkara ba ya shan wahalar gane hadisin Abu Huraira da ke Buhari da Muslim, wanda ya nuna jiki zai ruɓe in ban da ɗan ƙashin nan na ƙarshen gadon baya, sannan a ranar tashi a saukar da ruwa, mutane su tsiro. Abu ne da yake gani duk shekara.

Wahalar takan zo ne in ɗaliban jami'ar kimiyya ta Wudil sun dawo hutu. Sai ɗayansu ya gyara zama a majalisa: "Allah gafarta Malam, da sauran magana. Mamaci ya zama ƙasa, ciyawa ta tsotsa, akuya ta ci ciyawar, wani ya ci akuyar. Ranar tashi, naman na wane ne?"

Yaron bai yi saɓo ba, kuma ba shi ya fara ba. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya kawo irin wannan sarƙaƙiya, Imamu Gazali, da ya rasu a 1111, ya tanka a littafinsa Tahafutul Falasifa. Hujjar Gazali ita ce mutum da ruhinsa yake mutum, jiki kuwa tun yarinta har tsufa sauyawa yake yi. Abin dariyar, boko ne ya zo daga baya ya tsaya wa Gazali shaida. Jajayen ƙwayoyin jini kwana 120 suke yi a sake wasu. Fatar cikin hanji 'yan kwanaki ce. Ƙashi ma, da taurinsa, cikin shekara goma ko kusa da haka yake sabuntuwa. Dattijo mai shekara 70 ya zubar da galibin jikin da ya yi samartaka da shi, amma je ka ce wa wanda ke binsa bashi tun lokacin ai jikin da ya ci bashin ya tafi, ka ji amsa.

Mu koma gona. Karan geron da ya fi mutum tsawo ba a cikin ƙwayar yake a naɗe ba. Wani likita ɗan yankin da yau ake kira Beljiyam, Van Helmont, ya gwada a ƙarni na 17: ya dasa bishiya mai nauyin kilo 2 a tukunya, bayan shekara biyar ta haura kilo 70, ƙasar tukunyar kuwa ba ta ragu da ko giram 100 ba. Shi ya ɗauka ruwa ne kawai, sai daga baya aka gano iska ma tana da babban kaso. Abin da iri ke riƙe da shi tsari ne, kayan gini kuma aro ne daga ruwa da iska. Ba manomin da ke tona gindin kara yana neman ƙwayar da ya binne, duk da haka gero ya shuka, gero ya girba, ba dawa ba. Tsarin kuma yana da haƙuri: ƙwallon dabino mai shekara kusan 2,000 da aka tono a Masada, kusa da Tekun Gishiri, ya tsiro a 2005.

Ɗan boko ba ya saurin sallamawa. Sai ya zaro waya: "To filin tsayuwar fa?" Masana ƙidaya sun kiyasta an haifi mutum kusan biliyan 117 tun farkon ɗan Adam. A ba kowa murabba'in mita ɗaya, jimla murabba'in kilomita 117,000, wato jihar Kano sau shida ba kaɗan. Ashe ko Najeriya kaɗai ta ɗauke mu da rara, in ba a sa aljanu a layi ba.

Inda lissafin ke cijewa shi ne rana. Yau tana nesa da mu kilomita miliyan 150, hadisin Muslim kuma ya nuna za a kusanto da ita kamar mil ɗaya. Da dokokin wannan duniya, tun kafin ta zo ko kusa da haka ƙasa za ta ƙone ƙurmus. Sai Malam ya tuna masa Suratu Ibrahim ta riga ta faɗa za a musanya ƙasar da wata, sammai ma haka, hadisin kuma ya ce a zafin ranar nan gumin kowa gwargwadon aikinsa ne: mutum biyu kafaɗa da kafaɗa, wannan iya idon sawu, wancan har baki.

"Yaro, ruwan da ke tsayawa haka, a aji nawa ake koya muku shi a Wudil?"