Kuros ɗin Farfela: Yadda Ake Gane Ya Ci, da Yadda Ake Sauya Shi

Tsofaffin motoci irin su Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, da ƙafafun baya suke tafiya. Farfela ce ke kai musu ƙarfin inji, kuros kuwa shi ne gaɓar da ke ba ta damar lanƙwasa tana juyawa. Ƙarfe ne mai hannu huɗu, kowane hannu da hularsa, cikin hular kuma siraran ƙarafa kamar allurai, sai kilif da ke riƙe ta.

Motar da ke jigilar shinkafa daga fadamar Zauro zuwa Birnin Kebbi ko Argungu ruwa take sha da damina, ƙura da rani. Da zarar sun wanke giris, allurai sun fara ci. Za ka ji "ƙwas" in ka sa giya, mota na karkarwa in ta ɗau gudu, wani lokaci har jan garin tsatsa ka gani a bakin hula.

Wajen saye ake yawan tafka kuskure. Sunan mota kaɗai bai isa ba. A auna kaurin hula da faɗin kuros, a duba ko kilif ɗin na ciki ne ko na waje. Mafi sauƙi, tafi wa mai sifiya da tsohon.

Kafin kwancewa a yi wa farfela alama, don ta koma yadda take. Wajen sa sabo, a liƙe allurai da giris. In ɗaya ta kwanta a gindin hula, kilif ba zai zauna ba. Bakaniken da ya ce guduma za ta gyara wannan, karɓi motarka.