A Sayi Babur Mai Batir Ko A Dakata?

Ranar 29 ga watan Mayu, 2023, Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sanar cewa tallafin man fetur ya ƙare. Kafin ranar nan, a gidan mai na gwamnati ana sayen lita ɗaya ƙasa da naira 200. Cikin 'yan kwanaki sai ta kai wajen naira 500, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Mu da muke ƙauye mun fi kowa jin jiki, gama gidan mai yana da nisa, a hannun 'yan bumburutu muke saye, su ma kuwa sai sun ɗora nasu.

A karkara babur ba abin ado ba ne. Shi ne yake kawo taki gona, shi ne yake kai tumatir bakin titi kafin ya ruɓe, shi ne kuma yake ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti da tsakar dare. Saboda haka, da aka fara jin labarin babur da keke mai ƙafa uku waɗanda ba su shan mai, sai maganar ta shiga tasha da kasuwa da taron ƙungiyoyin manoma. Waɗansu matasa har sun fara tunanin zuba kuɗin amfanin gonarsu a ciki. Bari mu duba al'amarin tare kafin kowa ya kwance bakin jaka.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar ganewa. Inda inji da tankin mai suke, sai a sa mota ta lantarki da babban batir. Ba fulogi, ba kafireta, ba juyen baƙin mai, ba hayaƙi. Abin da ya rage na gyara shi ne taya da birki da wayoyi. A Maiduguri wani matashi, Mustapha Gajibo, da kamfaninsa Phoenix Renewables, ya yi suna wajen cire injin ƙananan motocin haya yana sa musu batir, ana caji da hasken rana. Abin lura shi ne, tun daga watan Janairu 2021 birnin ya yi watanni da yawa cikin duhu bayan an rushe turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu. Watau a inda wuta ta fi wuya, a nan ne aka nuna abin yana yiwuwa.

ABIN DA MASU HAYA SUKE LISSAFAWA

Ɗan acaɓa ba ya tambaya a kan hayaƙi ko canjin yanayi. Tambayarsa ɗaya ce: in na biya balas da yamma, nawa zai rage mini in kai gida? To, ga misali. A ce mutum yana ƙona lita 3 a wuni, kowace lita naira 1,000. Naira 3,000 ke nan kullum, in ya yi aikin kwana 26 a wata kuma naira 78,000, ban da baƙin mai. Tafiya irin wannan a kan babur mai batir takan ci wuta kamar yunit 4 ko 5. A watan Afrilu 2024 an kai kuɗin yunit ɗaya naira 225 ga masu samun wuta mafi yawa. Ko da a wannan farashi mai tsada, abin bai wuce naira 1,200 ba. Rarar a fili take, shi ya sa idon matasa yake kai.

Amma a tsaya tukuna. Lissafin nan na mai wuta ne. In da ƙaramin janareta za ka yi caji, lita ɗaya ba ta ba ka fiye da yunit 2, sau da yawa ma ba ta kaiwa. Kafin batir ya cika ka ƙone kusan man da za ka zuba wa tsohon babur ɗinka. An gudu ba a tsira ba. Masu cewa "ina wutar take?" ba gardamar banza suke yi ba. A watan Oktoba 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda babu wuta, bayan manyan layukan da ke kawo ta sun lalace. Mai shagon da yake kai kaya da keke mai batir, da me zai ciyar da iyalinsa a mako irin wannan?

Tsoro na biyu shi ne batir ɗin kansa, mu ma kuwa a nan hankalinmu ya fi tsayawa. Shi ne abu mafi tsada a jikin babur. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai na dalma, irin na mota, mai araha da nauyi, wanda yake saurin gajiya in ana zuƙe shi ƙarƙaf kowace rana. Akwai kuma na litiyam, irin na wayar hannu amma babba, wanda ya fi daɗewa, ya fi tsada. Dukansu biyu ba sa son zafi, zafin bazara a ƙasarmu kuwa kowa ya san shi. Kaya mai nauyi, yashi, laka da hawan tudu duk suna rage nisan da batir zai kai ka. Nisan da aka rubuta a takardar talla a kan shimfiɗaɗɗen titi aka gwada shi, ba da buhun masara biyu a baya ba.

Dattawa kuma suna da tasu tambayar, wadda matasa sukan manta. Babur mai shan mai, in buƙata ta taso, ranar kasuwa ɗaya ta isa a sayar da shi a biya kuɗin makaranta ko na magani. Kowane bakanike ya san cikinsa, kayan gyaransa suna kowane gari. Wa zai sayi mai batir na hannu, alhali ba a iya sanin ƙarfin da ya rage wa batir da ido? Ga talaka, abin hawa ajiya ne kamar akuya ko sa, ajiyar da ba ta sayuwa kuwa da wuya ya amince da ita.

MUSAYAR BATIR

Akwai dabarar da take amsa rabin waɗannan tambayoyi. A Kigali ta ƙasar Ruwanda, kamfanin Ampersand ya fara aiki da 'yan acaɓa a 2019. Mahayi ba ya mallakar batir. In ya yi ƙasa, sai ya je tashar kamfani ya ajiye, ya biya, ya ɗauki cikakke, cikin 'yan mintoci ya koma aiki. Kamfanin Spiro yana yin haka a Benin da Togo, daga baya ya shigo Jihar Ogun. Ta haka kuɗin sayen babur ya ragu, asarar mutuwar batir kuma ta koma kan kamfani. Aibinsa shi ne an ɗaure ka da igiya: ba ka iya yin nisa da tashoshinsu, farashin musaya a hannunsu yake, batir ɗin wani kamfani kuma ba lalle ya shiga babur ɗinka ba.

Gwajin da ya fi kama da halinmu shi ne na ƙauyen Gbamu Gbamu, a Jihar Ogun ɗin dai. Garin yana da tasa ƙaramar tashar lantarki mai aiki da hasken rana, a can ne kuma kamfanin MAX ya gwada baburansa masu batir wajen shekarar 2020. Wutar ce ta riga zuwa, sa'an nan babur ya biyo baya.

A ganinmu, wanda yake aiki cikin gari kusa da wurin caji tabbatacce, yana kuma yin gajerun tafiye-tafiye, zai iya cin riba. Wanda yake ƙauyen da ba wuta, kada ya sayar da sa ko ya ci bashi domin wannan tukuna. In ƙungiyar gama kai tana da sha'awa, ta fara da guda ɗaya tare da allunan sola da za su isa cajinsa, ta ba mutum mai riƙon amana, a riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita har damina ɗaya da rani ɗaya su wuce. Kafin a biya kuɗi, a sa dillali ya rubuta irin batir ɗin, da kuɗin sabo, da tsawon garanti, da garin da bakaniken yake. A kuma lura, batir na litiyam da ya fashe ko ya kumbura yana iya kama wuta mai wuyar kashewa. Kada a yi caji a ɗakin kwana ko kusa da rumbu, kada kuma a yi amfani da caja wadda ba tasa ba.