Akwalar Jiya Za Ta Zama Dukiyar Gobe? Labarin Tsofaffin Motocin Amurka da Aka Raina

A wani gida da ke nan zangonmu na Kumasi akwai wata tsohuwar mota ƙirar Oldsmobile, samfurin 1988, wadda ta daɗe a ɗore bisa duwatsu, kaji na yin ƙwai a ƙarƙashinta. Masu sayen tsofaffin ƙarafa sun sha zuwa taya ta. Maigidan, wani dattijo da muke girmamawa, ya so ya sallama ya gyara rufin ɗaki da kuɗin, amma ɗansa da ke zaune a Amurka ya bugo waya ya ce, "Baba, don Allah kada ku sayar, irin waɗannan motoci nan gaba kuɗi ne." Dattijon ya kawo mana maganar, wai mu malaman makaranta ai mun san komai. Ba mu san komai ba, amma mun ɗan bincika, ga kuma abin da muka samu.

Maganar yaron tana da tushe. A Amurka akwai mutane masu yawa da sha'awarsu ita ce tara tsofaffin motoci, suna gyara su, suna kai su baje koli, suna sayar wa juna a kasuwar gwanjo. Wata tsohuwar ƙungiyarsu mai suna Antique Automobile Club of America, wadda aka kafa a 1935, tana karɓar duk motar da ta kai shekara 25 a matsayin motar tarihi. To, idan shekaru ne kaɗai, motar dattijonmu ta wuce gwaji tuntuni. Sai dai shiga baje koli daban, yin daraja a kasuwa daban.

Misalin da masu wannan ra'ayi suka fi kawowa shi ne na Plymouth Superbird. An ƙera ta a 1970 domin tseren motoci, kuma dokar tseren ta tilasta wa kamfanin ya sayar wa jama'a da adadi mai yawa, don haka aka yi ƙasa kaɗan da guda 2,000. Tana da dogon hanci da wani ƙaton fiffike a baya wanda ya kusa kai tsayin rufinta. Mutane suka ga abin dariya ne. Wasu suka daɗe a wurin dillalai babu mai taya su, har aka riƙa cire musu hancin da fiffiken don a samu a rabu da su. A shekarar 2022 an sayar da guda ɗaya mai babban inji a gwanjo kan kuɗi fiye da dala miliyan ɗaya da rabi.

Haka kuma Edsel, wadda kamfanin Ford ya fito da ita a watan Satumba na 1957 da gagarumin talla, ya sa mata sunan ɗan Henry Ford. Jama'a suka ƙi ta, musamman saboda fasalin gabanta, kuma ta fito daidai lokacin da tattalin arzikin Amurka ya ɗan karye. A Nuwamba 1959 aka daina ƙera ta bayan asarar da ta haura dala miliyan 250. Sunanta ya zama abin buga misali na faɗuwar kasuwa. Duk da haka tana da masoya da ƙungiyoyinsu, kuma mai kyau daga cikinta, musamman wadda ake buɗe rufinta, ba ta da araha. Ita ma Chevrolet Corvair, mai inji a baya, ta sha baƙin jini bayan wani lauya Ralph Nader ya soke ta a littafinsa na 1965 cewa tana da haɗari. A 1972 binciken gwamnati ya nuna ba ta fi takwarorinta saurin ƙwacewa ba, amma a lokacin an riga an binne ta tun 1969. Masu tara motoci ne suka dawo mata da mutunci.

Amma fa mu lura. Duk waɗannan motoci suna da wani abu da ya bambanta su: ko ƙarancin adadi, ko ƙira ta daban, ko wani labari da ake ba da shi a kansu. Motocin da aka fi rainawa a Amurka kuwa su ne na tsakanin 1973 da farkon shekarun 1980, kuma yawancinsu ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Abin da ya faru a wancan zamani shi ne abubuwa uku suka taru wa kamfanoni a lokaci guda. Dokar tsabtace iska ta 1970 ta sa dole a rage hayaƙi. Dokar kare haɗari ta sa aka ɗora wa motoci manyan bamba masu nauyi. Sannan a 1973 ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai, fetur ya yi tsada, aka shiga dogayen layuka a gidajen mai. Injiniyoyi ba su riga sun san yadda za su rage hayaƙi ba tare da kashe ƙarfin inji ba, sai aka wayi gari Corvette, wadda ita ce motar gudu ta ƙasar, a 1975 ƙarfinta doki 165 kacal. Ƙananan motocin da aka yi cikin gaggawa don a tare na Japan su ma ba su yi armashi ba. Chevrolet Vega, wadda aka ƙera kusan miliyan 2 daga 1971 zuwa 1977, ta yi suna wajen tsatsa da lalacewar inji. Ford Pinto kuwa, an yi fiye da miliyan 3, tankin manta na iya kama wuta idan aka buge ta daga baya, har a 1978 kamfanin ya kira kimanin miliyan ɗaya da rabi don gyara. A 1982 Cadillac ya ɗauki ƙaramar Chevrolet Cavalier ya ɗan ƙawata ta, ya sa mata suna Cimarron, ya ɗora mata kuɗi mai yawa. Masu saye ba su yafe wannan ba har yau.

To, ko irin waɗannan za su yi daraja? Wani abin mamaki shi ne rainin da aka yi musu yana taimakon 'yan kaɗan da suka rage. Motar da ake so ana ɓoye ta a gareji, wadda aka raina kuwa ana tuƙa ta har ta mutu a kai ta maƙera. Saboda haka ganin Pinto ko Vega mai lafiya a titi ya fi wuya a kan ganin wasu motoci masu tsada na zamaninsu. A 2009 ma gwamnatin Amurka ta biya mutane kuɗi su miƙa tsofaffin motocinsu masu shan mai su sayi sababbi, aka lalata kusan 700,000, yawancinsu na shekarun 1990. A wannan shekarar ce kuma aka fara wani baje koli na barkwanci a jihar Kaliforniya mai suna Concours d'Lemons, inda ake ba da kyauta ga munanan motoci, a makon da attajirai ke nuna nasu masu tsada a Pebble Beach.

Fim ma yana da tasa rawar. DeLorean, mai ƙofofi masu buɗewa sama, kamfaninta na Ba'amurke ne ko da yake a Arewacin Ailan aka haɗa ta, kuma ya durƙushe a 1982 bayan ya yi kimanin guda 9,000. Fim ɗin Back to the Future na 1985 ne ya raya ta. AMC Pacer, mai faɗi da yawan gilashi kamar akwatin kifi, ta sami masoya bayan wani fim na barkwanci a 1992. Pontiac Aztek, wadda ake sa ta cikin jerin motoci mafi muni, shirin talabijin na Breaking Bad ya sa matasa suka fara waiwayarta.

A ganinmu dai, abin da ya fi ƙarfi shi ne shekarun masu saye. Mutum idan ya kai hamsin ya sami abin hannu, motar da ya yi sha'awa yana yaro yake nema, ko wadda mahaifinsa ya kai shi makaranta a ciki. Mu ma nan idan muka ga Peugeot 404 ko tsohuwar Bedford mai jikin katako, ai zuciyarmu takan motsa. Wannan sha'awa za ta ɗaga wasu motocin da aka raina, amma ɗagawa kaɗan. Pinto mai kyau tana iya samun mai so, ba za ta taɓa kama ƙafar Superbird ba. Kuma kuɗin yana zuwa ne ga wadda ba ta yi tafiya da yawa ba, fentinta da kujerunta na asali, takardunta cikakku.

Nan ne lissafin yaron dattijonmu ya karkace. Tun da Gana ta koma tuƙi a hannun dama a 1974, motocin Amurka sun dace da titunanmu, kuma 'yan'uwa na ta aiko da su ta tashar Tema. Amma mota idan ta iso nan aiki take yi. Dubi Pontiac Vibe, wadda a gaskiya 'yar'uwar Toyota Matrix ce: an rufe Pontiac a 2010, amma a nan ana son ta ne don tana da ƙarko kuma kayan gyaranta na samuwa, ba don tarihi ba. Idan wani abu ya lalace, fitocin Suame Magazine za su sa mata duk abin da ya shiga, ko na wace mota ne. Wannan gwaninta ce da muke alfahari da ita, amma ita ce ke zubar da darajar mota a idon mai tara kayan tarihi. Masu sayen kuma suna can ƙetaren teku, kuɗin jirgin ruwa kaɗai zai iya fin kuɗin motar.

Mun je mun duba Oldsmobile ɗin da wani fita abokinmu. Samfurin Cutlass Ciera ce, wadda aka ƙera da yawan gaske daga 1982 zuwa 1996, kuma ko da yake an rufe Oldsmobile a 2004, irinta ba ta yi ƙaranci a Amurka ba tukuna. Injin da ke ciki ba nata ba ne, tsatsa ta cinye ƙasanta har ana hango ƙasa daga kujerar direba. Mun gaya wa dattijon abin da muka gani, muka ce, "Baba, ku gyara rufin kafin damina." Ya ce zai sake magana da yaron ranar Juma'a, kuma ko an sayar, tambarin da ke gaban motar zai cire ya ajiye masa.