Da Gaske Ne Ana Saye Injin Wanda Ya Ci Tsere Ko Bai So Ba?

Wani mai sauraronmu, makanike daga Funtuwa, ya aiko da takarda yana cewa ya ji labarin wai a Amurka akwai tseren motoci inda wanda aka kayar yake da ikon saye injin wanda ya yi nasara, ko mai shi yana so ko ba ya so. Yana tambaya, shin gaskiya ne, kuma mene ne dalili?

To, Malam mai tambaya, gaskiya ne, ba tatsuniya ba ce. Amma ba a manyan tseren nan da ake nunawa a talabijin ake yin haka ba. A ƙananan filaye ne na karkara, waɗanda ba a shimfiɗa musu kwalta ba, jar ƙasa ce ko yumɓu ake yayyafa wa ruwa a daddaɓe. Filin kewayayye ne kamar ƙwai, zagaye ɗaya bai cika wuce mita 400 zuwa 800 ba. Masu tseren kuwa galibinsu manoma ne da makanikai da direbobi. Mutum ya yi aikinsa duk mako, ran Asabar da dare ya ɗauro motarsa ya kawo fili.

Ga inda matsalar take. A tseren mota, kuɗi shi ke sayen gudu. Idan aka bar kowa ya yi yadda ya so, mai hannu da shuni zai kashe dukiya a kan inji, ya riƙa cinye tsere kowane mako. Sauran su gaji, su ajiye motocinsu a gida. Motoci sun ragu, 'yan kallo sun daina zuwa, mai fili ya rufe ƙofa. Kuma kuɗin da ake magana ba ƙarami ba ne: injin manyan motocin tseren ƙasa, mai ƙarfin doki wajen 900, yakan kai dala 50,000 ko fiye. Ina manomi zai kai nan?

Akwai wata ƙungiya da ake kira IMCA, wadda aka kafa tun 1915, hedkwatarta kuma tana garin Vinton a jihar Ayowa, ƙasar noman masara. A 1979 shugabanta Keith Knaack ya fito da wani sabon rukunin motoci masu araha, waɗanda ake haɗawa da ƙashin tsohuwar motar gida da injin da aka tsinto a kasuwar tsofaffin kayan mota, irin Panteka ta Kaduna. Don kada masu kuɗi su ɓata abin, sai aka sa dokar sayen inji. Ba shi ya ƙago dabarar ba, an daɗe ana yinta a sukuwar dawaki a can, inda ake sa wa doki farashi kafin a fara, mai so ya biya ya tafi da shi.

Yadda abin yake shi ne, da an gama tsere, motoci huɗu na farko su wuce kai tsaye zuwa wani keɓaɓɓen wuri, ba a taɓa musu komai. Direban da ya zo bayansu, muddin ya gama tseren ba a riga shi da zagaye guda ba, yana iya zuwa da kuɗi a hannu ya ce injin wane nake so. Farashin a rubuce yake tun farkon shekara, babu ciniki, babu albarka. A shekarun farko 'yan ɗaruruwan daloli ne kawai. Nan take a kira janwe a ciro injin, amma ban da kabureta da kik da bututun hayaƙi, waɗannan na mai su ne. Wanda ya ce ba zai sayar ba, ya yi asarar kuɗin da ya ci da makinsa, a ci shi tara, a kuma dakatar da shi.

Ka ga hikimar ke nan. Ba a ce kada ka sayi inji mai tsada ba, kuma ba a bukatar malamin bincike ya kwance injin kowa yana aune-aune. Sai dai wa zai zuba dala 10,000 a abin da maƙwabcinsa zai ɗauke ran Asabar a kan 'yan ɗaruruwa?

Amma fa ɗan Adam sai a hankali. Dokar ta jawo gaba, domin wani ba don yana bukatar injin yake saye ba, sai don ya huce haushi. A wasu filayen kuma direbobi suka yi shiru da juna, kada ka taɓa nawa, ba na taɓa naka, mai kuɗi ya koma gidan jiya. Shi kuwa makaniken da ya kwana yana gyara da basirarsa, ba da kuɗi ba, shi ma a raba shi da guminsa. A ganinmu wannan ce babbar illarta.

Sabili da haka aka ɓullo da wata hanya. Daga 2002 kamfanin General Motors ya fara sayar da injunan tsere a cikin akwati, a ɗaure da wasu notuna da kansu ke karyewa idan an ɗaure, watau hatimi ke nan. Iri biyu ne suka fi yaɗuwa, ana ce musu 602 da 604, dukansu masu silinda takwas da faɗin lita 5.7. Na farko ƙarfin doki 350, na biyu wajen 400. Kowa ya sayi iri ɗaya, ba a buɗewa, ba a ƙara komai, kuma ana sa musu wata na'ura da ke hana injin juyawa fiye da ƙima, don ya daɗe bai lalace ba. Yau a rukunoni da dama direba na da zaɓi: ko ya hau na akwati, ko ya haɗa nasa ya bi dokokin da aka gindaya masa.

Nan ma ba a tsira ba. An sami masu buɗe injin su yi masa aiki a ɓoye, su mayar da notunan jabu, har sai da ƙungiyoyi suka ƙara nasu hatimin na waya mai lamba. Da aka toshe ƙofar inji kuma, sai kuɗin ya koma kan shokozoba da taya, shi ya sa IMCA ta ce taya iri ɗaya kowa zai ɗaura, ta kuma sa wa shokozoba nata dokokin.

Mai tambaya zai so ya ji cewa a ƙasar Finlan sun wuce nan. A tseren talakawansu, motar ce ɗungurungum ake sayarwa bayan an tashi, a kan farashin da aka yanke. Idan masu so suka yi yawa, sai a jefa ƙuri'a, wanda ta faɗa wa ya ja motar ya tafi.