Kabayan: Rayuwar Ɗan Filifin Mai Aikin Ofis a Dubai

Idan aka ambaci mutanen Filifin da ke aiki a ƙasashen waje, abin da ya fi zuwa zukatan mutane shi ne 'yan aikin gida, ko ma'aikatan jinya, ko masu aiki a jiragen ruwa. Duk waɗannan akwai su, kuma suna da yawa. Sai dai akwai wani rukuni da ba a cika magana a kansa ba, wato masu aikin ofis, irin su sakatarori da akawuna da akantoci da masu karɓar baƙi a kamfanoni. Wannan maƙala za ta dubi yadda irin wannan ma'aikaci yake tafiyar da rayuwarsa ta yau da kullum a birnin Dubai na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ƙasar da 'yan Filifin dubu ɗaruruwa suke zaune a cikinta. Da yake mu ɗaliban harshe ne, za a fi tsayawa a kan harsunan da yake amfani da su daga safe zuwa dare, domin a nan ne ake gane wane ne shi a ofis, wane ne kuma shi a gida.

Yadda abin ya faro

Fita neman aiki ba sabon abu ba ne ga mutanen wannan ƙasa mai tsibirai fiye da 7,000. Amma a shekarar 1974 ne gwamnatin Shugaba Ferdinand Marcos ta kafa dokar ƙwadago da ta mayar da tura ma'aikata waje manufar hukuma. A lokacin kuɗin man fetur ya cika ƙasashen Larabawa, suna ta gine-gine, suna neman hannu. Ko a nan Nijeriya, waɗanda suka yi sakandare a Arewa a ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980 za su iya tuna malaman Filifin da suka koyar da su lissafi da kimiyya. A yau har ma'aikata guda ƙasar take da ita ta musamman don 'yan ci-rani, wadda aka kafa da dokar shekarar 2021.

Abin da ya buɗe masu ƙofar ofisoshi shi ne Turanci. Bayan Sifaniyawa sun mulki ƙasar fiye da shekara 300, Amurka ta karɓe ta a 1898, ta kuma turo ɗaruruwan malamai a 1901 don koyarwa da Turanci. Tsarin mulkin 1987 ya amince da harsunan hukuma biyu: Filipino, wanda aka gina a kan harshen Tagalog, da kuma Turanci. Saboda haka wanda ya gama jami'a a Manila zai iya zama a ofishin Dubai ya rubuta wasiƙa ba tare da ya koyi Larabci ba.

Daga gado zuwa tebur

Bari mu ɗauki misalin mace mai aikin akawu, tun da mata suna da yawa a wannan fanni. Abu na farko da take yi idan ta farka shi ne duba waya. Agogon Manila yana gaba da na Dubai da awa 4, don haka ƙarfe shida na safe a wurinta ƙarfe goma ne a gida. Saƙonni sun riga sun taru: mahaifiya tana tambayar lafiya, ƙane yana tunatarwa game da kuɗin makaranta.

Inda take kwana zai iya ba mai karatu mamaki. Kuɗin haya a Dubai yana da tsada ƙwarai, shi ya sa ƙananan ma'aikata da yawa ba ɗaki suke kamawa ba, gado suke haya. A unguwanni irin su Satwa da Karama da Deira za a tarar da mutum huɗu ko shida a ɗaki guda, a kan gadaje masu hawa biyu, kowa ya saya wurinsa da labule. Wanda ya ɗan samu hali sai ya kama wani ɓangare na falo da aka raba da katako. Hukumomin birnin sun yi samame a irin waɗannan gidaje a shekarar 2025 saboda haɗarin gobara, abin da ya tilasta wa mutane da yawa neman sabon matsuguni. To daga irin wannan ɗaki ne ake fitowa tsaf-tsaf da kaya a goge, a hau jirgin ƙasa na cikin gari da aka buɗe a 2009, a shiga ofis mai na'urar sanyaya ɗaki. Wanda ya gan ta a bakin tebur ba zai taɓa cewa sai da ta bi layin banɗaki kafin ta yi wanka ba.

A jakarta akwai abin da suke kira baon, wato abincin da ake dafowa daga gida. Yawanci shinkafa ce da adobo, naman da ake dafawa da ruwan tsami da tafarnuwa da romon waken suya.

Harsuna uku a baki ɗaya

A bakin aiki Turanci ne kawai. Mai yiwuwa shugabanta Ba'indiye ne, mai kamfanin Balarabe, abokin cinikin kuwa Bature. Larabcinta bai wuce 'yan kalmomi irin su yalla da khalas da in sha Allahu ba. Amma ko a cikin Turancin, harshen gida yana leƙowa. A Tagalog wakilin suna na mutum na uku guda ɗaya ne, siya, ba ruwansa da namiji ko mace. Shi ya sa idan magana ta yi sauri akan ji ta kira namiji da wakilin sunan mace a Turanci, ko akasin haka. Ni da na koyi Hausa da girma na san wannan wahala, domin Hausa ba ta tsaya ga "shi" da "ita" ba, har "kai" da "ke" ta bambanta, kuma na sha dariya a aji kafin na saba. Haka nan asalin Tagalog ba shi da sautin /f/, sai /p/, shi ya sa suke kiran ƙasarsu Pilipinas. Hausa kuwa harafin "f" ta zaɓa a rubutu, muka ce Filifin. Suna ɗaya, kowa ya ja shi ɓangaren bakinsa.

Akwai kuma wata ba'a da suke yi wa kansu. Idan mutum ya daɗe yana fama da Turanci mai wuya, sai ya ce ya yi haɓo, wai ƙwaƙwalwa ta wahala har jini ya fito ta hanci.

Da zarar ta haɗu da ɗan ƙasarsu, ko a lif ko a kanti, sai harshe ya sauya. Kalmar da ke buɗe hira ita ce kabayan, wadda aka gina a kan bayan, wato gari ko ƙasa. Ma'anarta ta yi kusa da "ɗan gida". Kalmar ta yaɗu a ƙasashen yankin har direban tasi ɗan Pakistan ma yakan kira duk ɗan Filifin da ita. Bayan haka sai kalmomin girmamawa: ate ga mace da ta girme ka, kuya ga namiji, kamar dai yadda ake cewa "yaya". Akwai kuma ɗan ƙaramin lafazi po da ake saƙawa cikin jimla idan ana magana da babba. Maimakon oo da ke nufin "i", sai a ce opo. Hirar da kanta gauraye ce ta Tagalog da Turanci, wadda suke kira Taglish, irin abin da wasu ke kira Ingausa a nan. Tsofaffin kalmomin aro daga Sifaniyanci ma suna nan daram: trabaho aiki, suweldo albashi, oras lokaci.

Harshe na uku shi ne wanda abokan ofis ba su cika ji ba. Filifin tana da harsuna fiye da 100, kuma miliyoyin mutane ba Tagalog suka tashi da shi ba. Idan ma'aikaciyarmu 'yar Sebu ce, da dare da harshen Sebuwano za ta yi magana da mahaifiyarta. A ganina wannan shi ne abin da ya fi dacewa ɗalibin harshe ya lura da shi. Turanci ne ya ba ta aiki, Tagalog ne ya ba ta abokan zama da labarin inda ake neman ma'aikata, amma kuka da faɗa da neman albarka da harshen uwa ake yin su, ta waya.

Ƙarshen wata

Ba a cire harajin albashi a Daular, kuma dirhami ɗaya yana daidai da kusan peso 15 ko 16 a 'yan shekarun nan. Wannan bambanci ne ya kawo ta. Albashi na shiga, kaso mai tsoka yana wucewa gida. A shekarar 2023 kaɗai kuɗin da 'yan Filifin mazauna waje suka aika gida ya haura dala biliyan 37, shi ya sa gwamnatoci suke yi masu kirari da bagong bayani, wato sababbin jarumai.

Kirarin yana da daɗi, amma nauyin ba wasa ba ne. A al'adarsu akwai abin da ake kira utang na loob, bashin alheri wanda ba ya biyuwa. Iyaye sun sayar da gona ko sun ci bashi don ta yi karatu, to yanzu lokacin ramawa ne, kuma babbar 'ya ita ta fi ɗaukar kaya. Mutanen gida kuwa hotunan dogayen benaye suke gani, ba sa ganin gado mai hawa biyu. Don ta iya tara wani abu nata na kanta, takan shiga paluwagan da abokan aiki, wato adashi sak irin wanda muka sani.

Sai kuma babban kwalin nan na balikbayan. Wata da watanni ake cika shi kaɗan-kaɗan da sabulu da cakulan da man shafawa da takalma da abincin gwangwani, a naɗe da salatif, a aika ta jirgin ruwa don ya isa kafin Kirsimeti. Dokar kwastam ta 2016 ta yafe haraji a kan kayan da ba su wuce peso 150,000 ba a shekara. Idan kuwa da kanta za ta je hutu, ba ta isa ta shiga gida ba tare da pasalubong ba, wato tsaraba.

Duk daɗewarta a Dubai, baƙuwa ce. Ga mafi yawan ma'aikata izinin zama yana ɗaure da aiki ne, idan aikin ya ƙare ba a samu wani ba cikin wa'adin da aka bayar, sai tafiya. Ba fansho ake ba baƙo ba, kuɗin sallama ne: albashin kwana 21 a kan kowace shekara cikin shekaru biyar na farko, sannan na kwana 30 a shekarun da suka biyo baya. Kawo iyali ma sai albashi ya kai dirhami 4,000, ko 3,000 tare da masauki, ga kuɗin makaranta da na haya a gaba. Saboda haka da yawa sukan bar 'ya'yansu wurin kakanni. Waɗanda suka kawo nasu kuma sukan tarar yaran sun tashi da Turanci a baki, ba sa iya hira da kakarsu.

A ranar hutu, wadda ta koma Asabar da Lahadi a mafi yawan ofisoshi tun 2022, akan yi wanki, a ci abinci tare, a yi waƙa da makirfo. Mafi yawansu 'yan ɗariƙar Katolika ne, ko da yake akwai Musulmi daga yankin Mindanao. Cocin Saint Mary da ke unguwar Oud Metha, wanda aka buɗe a 1967, yana cika maƙil, musamman lokacin Simbang Gabi, ibadar kwana tara kafin Kirsimeti. A gida da asuba aka saba yin ta, a Dubai kuwa sai da dare, bayan an tashi daga aiki. Ranar 25 ga Disamba ba ranar hutun hukuma ba ce a Daular, don haka idan ta faɗo tsakiyar mako, ma'aikaciyarmu takan kira gida da ƙarfe takwas na daren jajibere, lokacin da agogon Manila ya buga sha biyu iyali suka zauna cin abincin biki, da safe kuma ta ɗauki baon ɗinta ta tafi ofis.